Makullin Sarƙa

Tun kafin baƙon ya kashe injin, Labbo bakanike ya gane babur ɗin. Irin dogon nan ne na malaman gona, wanda yashi ba ya kayar da shi, kuma duk Kaura Namoda babu na biyunsa. Shi ya saye shi mushe a gwanjo, ya tada shi, ya miƙa wa ƙanensa Jamilu don ya riƙa kai mutane ƙauyuka.

Wata biyu ke nan da Jamilu ya tafi kasuwar Shinkafi, tsakiyar damina, bai dawo ba. An nema har ƙafa ta gaji. Daga ƙarshe Liman ya ce a haƙura, aka yi addu'a aka raba gumba. Uwarsu Nagoggo kuwa har yau ba ta yarda a taɓa tabarmarsa ba.

Yau ga babur a bakin rumfa, tanki a lotse, lamba ta ɓace, sarƙa ta ci tsatsa an ɗaure ta da waya. Labbo ya durƙusa kamar mai duba taya. A jikin faifan haƙora na baya ga zane uku da shi da kansa ya yi da magagari. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

"Babur ɗinga naka na?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"A'a, amana ta," in ji baƙon, wani siririn saurayi mai kaushin hannu. "Tijjani nike, daga Katuru. An ce kai ɗai ka da sarƙa ta ƙwarai."

Amana! Labbo ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Wane ɓarawo ne ya taɓa cewa kayan sata ne a hannunsa?

Ya yi tunanin ihu, ya yi tunanin kotu. Shekarar ce aka kafa Shari'a, gari ya cika da zancenta. Amma ya san abin da alƙali zai fara tambaya: ina shaidu? Zane uku a jikin ƙarfe ba sa rantsuwa. A ganinsa za a ja magana ne kawai, a sallami mutum, shi kuma a bar shi da gumba.

Sai ya shimfiɗa sarƙa biyu a kan buhu. Ta farko gama-gari ce, mai araha, amma kullum tana son mai, kuma yashi na cinye ta cikin wata uku. Ta biyu kowace gaɓa tata da zoben roba, giris a kulle ciki, ƙasa ba ta shiga. Tsadarta ta sa shekara guda tana rataye babu mai tayawa.

Tijjani bai ko yi ciniki ba, ya nuna mai roba. Ya ce akuyarsa ya sayar saboda ita. Labbo ya ce a ransa, akuyar wa?

Saura faifai. Labbo ya ɗauko ƙaramin na baya, mai sa babur gudu, don ya tabbata shi mai gudun mutane zai zaɓa. Saurayin ya girgiza kai.

"Ba ni babban, mai ja sannu. Gobe ni ka dawowa garinga da ɗauka, ba ta son girgiza."

Labbo bai tambayi wace ɗauka ba. Ya riga ya yanke hukunci, kuma mai hukunci a zuci ba ya son ƙarin bayani.

Ya yi aiki mai kyau, wannan kam ba a raina shi. Ya sa sabon faifai gaba da baya, ya daidaita sarƙa, ya ɗaure kowane noti tamau. Abu ɗaya ya rage: makullin sarƙa, ɗan ƙarfen nan da bai fi farce ba, wanda ke riƙe bakinta biyu. Kowane bakanike ya san rufaffen kansa ke fuskantar gaba. Labbo ya buɗa shi da filaya har ya saki, ya juya shi baibai, ya shafe da giris. Zai kai mutum Katuru. Amma da nauyin biyu, a gangaren da ke bayan Badarawa, ba zai riƙe ba.

Kafin ya tafi, Tijjani ya roƙi tsohuwar roba, ya ɗaure wani matashin kai a kujerar baya. Ya yi godiya har da sa albarka.

Washegari da la'asar wata motar itace ta tsaya a bakin tasha, mutane suka yi caa a kanta. Labbo ya taka a hankali, hannu a baya. Direba na ba da labari: sarƙa ce ta tsinke a gangare, ta naɗe taya, babur ya faɗa kan duwatsu. Mutum biyu, babu wanda ya shura, ga su nan a bayan motar an rufe su da zane.

Biyu, in ji Labbo a ransa. Har da abokin sata. Ya ji wani sanyi wanda rabonsa da shi wata biyu.

"Ɗan maɗorin Katuru na," direba ya ci gaba. "Wani suka tsinta cikin kwazazzabo da babur nai, ƙafa ta karye, kai ya bugu, baki ya rufe. Suna ta jinya ba su san ko ɗan wa na ba. Shekaranjiya ya buɗa baki, kalma guda ya ce, Kaura. Shi ne yaron ya goyo shi, ya ɗaure shi ga bayanshi da rawani, ya zo neman dangi. Ku duba, ko akwai wanda ya san shi."

Labbo ne ya fi kusa da motar, don haka shi ya ɗaga zanen.

Jamilu ne, ƙafarsa cikin karan ɗori, jikinsa da sauran ɗumi.