Barkar Iska

Tun da aka daina kwantar da bakwaini a asibiti, akwatin gilashi ake ba ka da tukunyar iska, ka tafi gida. Haka aka sallamo 'yata Hadiyya. Malamar asibiti ta nuna min agogon tukunyar ta ce, "Malam Ɗanjuma, kibiyar nan kada ta haura jan layi. Iskar da ke raya ta, in ta yi yawa, ido take ci."

Ranar Talata na taso daga walda da wuri, na tarar da Yaya Tabawa tana murɗa makunnin tukunyar, kibiya ta haura jan layi. Mata cike da ɗaki, ba wadda ta hana.

"Yaya, me kike yi?"

"Barka mana. Yanzu wa ke kawo sabulu? Duk wadda ta zo sai ta ƙara mata iska kaɗan. Kafin ka dawo muke mayarwa, mun san rowarka."

Ashe sati biyar suna wannan ɗanyen aiki.

Na mayar da kibiya, na kwance makunnin na jefa aljihu. Na haska fitilar waya a idon Hadiyya. Ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Yaya ta leƙo ta ce, "Ka ga haƙuri, irin na uwarta."