Sai Ƙarar Ta Lafa

"Gugguru da kunne ake yin sa, Narelle, ba da agogo ba!" Angus ya ɗaga murya daga falo, ya ƙure talabijin yana kallon wasan kurket. Sau ɗaya matarsa ta taɓa ƙona gugguru a maikirowef, na'urar ɗumama abinci, tun daga ranar ya zama malaminta.

Yau kuwa ji da kai ya ƙaru, don ya yi sabuwar mota. Ya ƙi sa ta a gareji, wai sai duk mutanen birnin Brisbane sun gani.

Can sai ya ji fas! fas! fas!

"Angus, taso ka..."

"Kar ki taɓa komai! Sai ƙarar ta lafa."

"Wai ka saurara mana..."

"Sauraron nake! Gaggawa ce matsalarki."

Ta ƙyale shi. Ƙarar ta yi ƙarfi, ta daɗe, sannan ta lafa.

"Yauwa, yanzu ya yi. Kawo."

Narelle ta shigo ta ɗora masa ƙunshin masarar gugguru a cinya, ko ɗumi babu.

"Ban ma kunna ba, gwani. Ruwan ƙanƙara aka yi. Leƙa waje, motarka ta dahu."