Jarkar Da Aka Wanke Da Sabulu

Ɗan Tawada ake ce masa, don hannunsa ba ya rabuwa da baƙi. Shi ke kan babban injin wata maɗaba'a da ta faro daga ɗan injin hannu, yanzu kuma har littattafan makaranta da kalanda take bugawa. Kullum in an tashi sai ya cire farantan bugu, ya wanke tawadar da ta maƙale a injin da wani sinadari mai kaifin wari.

Maɗaba'ar ba ta zubar da dattinta a kwata. Ko jarkokin sinadarin da suka ƙare, a sito ake tara su, sai mota ta zo ta kwashe.

A gida kuwa famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa. Matarsa, da tsohon ciki, ita ke jidon bokiti daga bakin titi. Ya gaji da ganin ta tana hawa matakala tana nishi.

Rannan ya tsaya a ƙofar sito. "Yaya, ka ba ni jarka ɗaya mana. Ai zubarwa za a yi."

Mai sito ya ce, "Ba zubarwa ake yi ba, mayarwa ake yi. An hana. Ka ga hoton ƙoƙon kai a jiki."

"Wannan don mai sha ne. Ni wankewa zan yi."

Mai sito ya kau da kai kamar bai gani ba. Ɗan Tawada ya ɗauki ɗaya ya kai gida.

Matarsa ta wanke jarkar da sabulu da ruwan zafi, ta shanya a rana, ta sake wankewa. Ta sunsuna ta yamutsa fuska. "Maigida, har yanzu da ɗan wari fa."

Ya yi dariya. "Warin mijinki ne. Shekara nawa kina jin sa ba ki gudu ba?"

Ita ma ta dara. Daga ranar a ciki suke tara ruwan sha da na girki.

Shi yini yake a wurin aiki, ita ce mai sha safe da yamma. Ciwon kai ya fara, sai jiri, sai amai. Kowa ya ce laulayi ne. Da idanunta suka koma rawaya, aka ce shawara ce, aka kawo jiƙe-jiƙe. Da ruwan jarkar aka jiƙa su.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, ya bar injin yana gudu ya nufi asibiti. Cikin ya zube. Likita ta ce hantarta ta taɓu, ta tambaye shi me take ci, me take sha, a ina suke ajiye ruwa. Da ya faɗa, ta ajiye biro.

"Roba tana tsotse irin wannan sinadari, malam. Sabulu ba ya kai wa gare shi. A hankali yake fitowa cikin ruwan."

Matarsa na kwance ta juya fuska ga bango, ta ƙi ko kallon kayan jaririn da ƙanwarta ta manta a cikin jaka.

Ya dawo gida jiki a mace, ya kifar da ruwan, ya ɗauko wuƙa zai farke jarkar. Sai ga maƙwabciyarsu, wadda ɗazu ta gama yi masa jaje.

"Haba ɗana, kar ka lalata! Ba ni ita. Ni zan wanke da kyau."

Ya dube ta. Ya soka wa jarkar wuƙar, ya ja har ƙasa.

Jama'a, duk mazubin da sinadari ya taɓa zama a ciki ba na ruwan sha ba ne, ko an wanke shi ya yi fes. Ku mayar da shi inda aka tanada, ko ku huda shi don kada wani ya ɗauka.