Shirun Lami

Garinmu yana ƙarƙashin ruwan Tiga yanzu, amma waccan la'asar ba ta nutse ba. Ƙanwata Lami ta kwana uku tana kuka, ta dafe gefen cikinta na dama. An ba ta jiƙon kanwa, an ba ta rubutu, duk a banza. Sai kawai ta yi shiru, har ta nemi kunu. Inna ta yi hamdala, ta ce in tashi in dama.

Kakarmu Iya tana kaɗi a inuwar rumbu. Ta ajiye mazari, ta zo ta ɗora tafinta a kan cikin Lami. Ni ma na taɓa, ya yi tauri kamar bayan ƙwarya. Iya ta ce, "Ciwon da bai yi sallama ba, yana nan cikin gida." Lami ba ta ga Juma'a ba.

Shekaranjiya aka yi wa jikata Hafsatu aikin afendis a asibiti, ciwon nan na gefen ciki na dama. Ta farfaɗo ba kuka, har da murmushi. Na kasa zama, ina ta kai da kawo, ina taɓa cikin.

Likitar ta ce, "Baba, allura muka yi mata a gefen ciki, ta kashe zafin wurin. Wannan shirun mu muka sa shi."

Na ce, "Na ji, 'yar nan. Yi aikinki, in yi nawa."

Cikin da laushinsa. Amma sai da yarinyar ta yamutsa fuska, ta ce wurin ya fara zafi, sannan na samu wuri na zauna.