Tiren Hajiya Tabawa

Tun da aka kawo na'urar raba aiki gidan man gyaɗar Hajiya Tabawa, kowace ma'aikaciya da lokacin cin abincinta, don kada injin ya tsaya.

Yau Hajiya ta leƙo, ba ta ga Kande cikin ma'aikatan ba.

"Ai ta bar aiki, mijinta ba lafiya," in ji Larai mai suya. "Na'ura ta kawo wata."

Da can a tire ɗaya suke cin dambu, daga yadda mace ke kai loma Hajiya take gane mai damuwa.

"Ɗauko tiren nan, Larai, mu ci tare."

Larai ta taɓa abin kunnenta da take jin umarnin na'urar da shi. "Ki yi haƙuri, Hajiya. Ta ce lokacina bai yi ba."