Mai Ƙwarya a Bakin Kwana

Tunda ka ce wasa ne kawai, Malam, ajiye wayar nan in ba ka misali kafin a kira ka lodi. An yi wani direban tirela, gwani na gaske, ya yi shekara da shekaru a hanya ko akuya bai taɓa bugewa ba. Ka san zaman jiran lodi, mutum ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, rana ta fito ta faɗi ba abin yi. A irin wannan zaman ya koyi wasan tseren manyan motoci a waya, irin wanda ke hannunka. A cikin wasan akwai wata hanya mai gangare da muguwar kwana a ƙasanta, kuma a bakin kwanar waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun zana wata mace a tsaye, da wani farin abu a kanta kamar ƙwarya. Ba ta motsi, ba ta da fuska. Duk mai son ya riga abokan tserensa, sai ya yanke kwanar ta gefen da take. Ranar da ya fara bi ta kanta, salati ya yi ya saki wayar, gabansa na dukan uku-uku. Da ya ɗauka, sai ya ga motar ta ratsa ta kamar hayaƙi, tana nan tsaye a baya, shi kuwa ya zo na ɗaya. Ya kwashe da dariya. Tun daga ranar kullum ta kanta yake bi, har yakan ce, "Sannu da tsayuwa, Hajiya." In ma motar ta kife, akwai madanni a tsakiyar allon, babban yatsa na taɓa shi komai ya dawo sabo fil.

Rannan da rana tsaka ya ɗauko siminti, sai wani abokin aikinsa ya wuce shi yana danna masa oda, irin tsokanar nan tamu. Ya ce bai isa ba, ya taka totur. Suka zo gangare, a ƙasa ga kwana, a bakin kwanar kuma ga wata mai tallar nono tsaye da ƙwarya a ka da goyo a baya, tana jira su wuce ta tsallaka. Ya gan ta sarai, kar ka ce bai gan ta ba. Abin da ke tayar mini da tsigar jiki shi ne, gabansa bai faɗi ba ko kaɗan. Hannunsa ya karya sitiyari zuwa gefenta kamar yadda ya saba, ƙafarsa ba ta ko nemi birki ba. Da mutane suka rugo, suka tarar nono na gangara a kan kwalta, ƙwaryar ta tarwatse, goyon da ke bayanta ya faɗa cikin ciyawa yana tsala kuka, ita kuwa rai ya yi halinsa. Shi suka same shi zaune a mazauninsa ko ƙwarzane babu, idonsa a buɗe, babban yatsansa yana ta danna tsakiyar sitiyari, yana neman madannin da zai mayar da komai farko. Bai ƙara tuƙi ba. Bayan ya fito daga hannun hukuma yakan zo gareji ya zauna, yatsan nan yana danna gwiwarsa, yana danna gwiwarsa. Wani da ya karɓi wayarsa ya buɗe wasan ya ce ya bi hanyar nan har ƙasa, kwanar tana nan, amma macen babu ita. Wasu suka ce masu wasan ne suka cire ta. Ni dai ban sani ba, kuma ban nemi a nuna mini ba.

Mutumin nan da hankalinsa garau ya fara wasan nan, kuma ya fi ni da kai iya mota. Tsoron da ke tsare shi ne ya yi ta kashewa kaɗan-kaɗan yana dariya, har ranar da ya buƙace shi ya laluba bai same shi ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, sabo turken wawa.