Mai Darar Cikin Faifai

Da la'asar, idan ma'aikata sun watse, Barnaba sakatare kan bar injin wuta yana aiki na rabin awa domin Gajere ya buga dararsa.

Gajere shi ne mai gadin buron furojen rijiyoyi, wato ofishin shirin haƙa rijiyoyi, a Tanut. Dogo ne sambal, shi ya sa 'yan kasuwa suka laƙaba masa wannan suna ran da ya shigo gari bayan farin 1984, ba raƙumi, ba akuya, ba iyali. Ba wanda ya tambaye shi wani suna, shi ma bai ga amfanin faɗa ba. Yana buɗe ƙofa, yana rufewa, yana ci idan an ba shi. Zuciyarsa ta daina jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Sai dai dara. A na'urar buron, wato kwamfutar da Barnaba ke kira ordinatar, akwai wani tsohon wasa a faifai: gurbi talatin, 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Shekara biyu Gajere yana danna maɓallai da yatsa guda, bai taɓa cin na'urar ba. Kullum daga kusurwar hagu take fara kasa 'ya'yanta, ta ba shi ɗa ɗaya a bagas, sannan ta juyo ta kwashe masa uku. Ya san tarkon sarai, yana ganin zuwansa tun daga nesa, amma kansa ya yi sanyi yanzu. Yakan ce wa Barnaba ko wane ne a cikin akwatin nan, a bakin rijiya ya koyi dara. A rabin awar nan kaɗai yake jin yana raye.

A 1988 aka ce furoje zai rufe. Za a bar na'urar ga makarantar majami'a, Barnaba ya bi ta, Gajere ya bi su da gadinsa. Amma shugaban furoje mutum ne mai tsoron takarda fiye da maciji. Ya ce da sunan furoje kaɗai aka sayi faifan wasan, ba a miƙa shi ga wani sai da izinin mai shi. In babu izini, a halaka shi.

Barnaba ya ga yadda tsoho Gajere ya tsaya a bakin ƙofa, sai ya ɗauki alƙalami don neman izinin.

Kamfanin da ya buga wasan a Faransa ya karye tuni, wani ya saye kayansa. Na biyun ya amsa bayan wata biyu, ya ce shi zanen allon kawai ya saya. Na uku ya ce sunan wasan nasa ne, dabarun ciki kuwa a tambayi lauyan marubucin wasan. An raba wasa ɗaya kamar naman watanda, kowa da kasonsa, an rasa wanda kai ya faɗa wa. Barnaba bai gaji ba. Duk motar da za ta Damagaram, da wasiƙarsa a aljihun direba.

Gajere bai sa rai ba, domin takarda ba ta taɓa yi masa alheri ba. Sau biyu ya haɗu da ita. A farin farko wani Bature mai littafi ya sa shi dangwala yatsa, ya ɗauka takardar rabon hatsi ce, ya yi ta jira, hatsi bai zo ba. A fari na biyu, a sansanin waɗanda fari ya koro, malamin rajistar matattu ya ja layi ɗaya a kan tantinsu gaba ɗaya, bai tsaya duba wanda ke numfashi ba.

Amsar lauyan ta iso saura kwana uku a rufe buro, shafi biyu. Barnaba ya karanta na farko a tsaye, ya sauke hannu.

"Baba Gajere, babu izini. Kowa ya yarda, saura mutum ɗaya, shi kuma ya rasu bai bar magaji ba."

"To," in ji Gajere.

Shugaba ya ce a halaka faifan a gabansa. Gajere ne da kansa ya kawo murhun shayinsa, ya hura gawayi, ya ɗora faifan. Wanda ya binne 'ya'ya uku ba ya kuka don roba. Ya duba cikin ransa ko zai sami baƙin ciki, bai sami komai ba. Faifan ya lanƙwashe, ya yi baƙi, wari ya cika tsakar buro. Shugaba ya sa hannu a takarda ya tafi.

Barnaba ya buɗe shafi na biyu yana fassarawa a hankali. Ashe marubucin wasan malamin makaranta ne da ya yi aiki a Damargu. A 1974 ya shafe wata uku a bakin wata rijiya a kwarin Tarka, yana rubuta kowane motsi na wani makiyayi da ba a taɓa cinsa a dara ba. Wasan makiyayin ne tsaf aka zuba a na'ura. Don kada ya ci amana, ya rubuta cewa dabarun na makiyayin ne, ba a ba kowa sai da yardarsa, makiyayin kuma ya dangwala yatsa. Da aka neme shi daga baya, an sami sunansa a rajistar matattun sansani.

Barnaba ya ninke takardar, ya dubi tokar.

"Rissa ɗan Hamma sunansa. Allah ya ji ƙan Rissa."

"Amin," in ji Gajere, domin shekara huɗu ke nan rabon da ya ji wani ya kira sunansa na yanka.